Motar Farko: Shekara Biyu da Peugeot 206 Ta Hannu a Wurin Wani Malamin Makaranta a Kano

Lamarin da za a duba a nan na ƙanena ne, wanda muke ciki ɗaya da shi, malamin lissafi a wata makarantar sakandare da ke ɓangaren Bompai a birnin Kano, mazaunin Rijiyar Zaki tare da matarsa da 'ya'yansu biyu. A farkon watan Maris na 2023 ya sayi motarsa ta farko, Peugeot 206 ta hannu, mai ƙofa biyar da giyar hannu da ƙaramin inji mai lita 1.4, irin guntuwar motar nan da but ɗinta yake haɗe da kujerun baya. Ni na raka shi wajen ciniki, ni ne kuma wanda yake bugo wa waya duk ranar da ta tsaya masa a hanya, saboda haka na san tarihinta kusan yadda na san na tawa motar. Ban da haka, shi mutum ne da ba ya kashe kwabo bai rubuta ba. Akwai wani ɗan littafi mai jan bango da yake ajiyewa a aljihun ƙofar direba, kuma daga cikinsa na ɗauko mafi yawan abin da zan kawo game da shekara biyun farko.

Ba don ƙawa ya sayi motar ba. Tun da gwamnatin Kano ta hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni a watan Janairu na 2013, ma'aikacin da gidansa yake wannan gefe na gari, wurin aikinsa kuma yake wancan gefe, ba shi da abin hawa sai Adaidaita Sahu, kuma daga Rijiyar Zaki zuwa Bompai hawa biyu ne, wani lokaci uku, a tafiyar da ta kusa kilomita 25 zuwa da dawowa. Amma abin da ya yanke masa shawara shi ne daren da ƙaramin ɗansa ya shiɗe saboda zafin zazzaɓi, ya fita da ƙarfe biyun dare yana buga ƙofar maƙwabci don a taimaka a kai su asibiti. Daga nan ya shiga adashi a makaranta, ya kuma karɓi rance daga ƙungiyar taimakon kai da kai ta ma'aikata wanda za a riƙa cira daga albashinsa, har ya haɗa naira miliyan 1 da dubu 300.

A bakin dillalan mota na Kano, motoci kashi biyu ne. Akwai 'yar Beljiyam, wato wadda aka hau a ƙasashen waje aka shigo da ita ba ta taɓa ɗaukar lambar Najeriya ba, wadda mutanen Kudu suke kira tokumbo. Akwai kuma ta hannu, wadda ta riga ta sha titunanmu a wurin mutum ɗaya ko biyu ko biyar. Kuɗinsa ba su kai ga 'yar Beljiyam mai cikakkun takardu ba, don haka zaɓinsa ya tsaya a kan na hannu. Corolla ko ta tsufa ba ta sauke farashi, Golf 3 kuwa yawancin waɗanda muka gani sun fito ne daga hannun direbobin haya da suka gama tatse su. Ita 206 farashinta yana ƙasa da na takwarorinta, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: kasuwa tana tsoron wayarin ɗinta. Mutanen Arewa sun daɗe da sabawa da Fijo, tun da kamfanin haɗa ta ya fara aiki a Kakuri da ke Kaduna a 1975, har 504 ta zama motar gwamnati, ta haya, da ta kai amarya. Sai dai wannan sabo yana yaudarar mai saye, domin 206, wadda ta fito a 1998, sunan gida kawai ta haɗa da 504. Tsohuwar kafireto gare ta, bakanike yana saita ta da kunne da sukuddireba. Ƙaramar kuwa kwamfuta ce take auna mata mai, take kunna mata fanka, kuma a samfurin da suka biyo bayan na farko kusan duk wayoyinta suna bi ta wani akwati guda da kanikawa suke kira BSI. Bakaniken da ya ƙware a 504 zai iya lalata 206 da kyakkyawar niyya. Matarsa ta so mai giyar atomatik don ita ma ta samu sauƙin koyo, amma giyabos ɗin atomatik na wannan mota, wanda ake kira AL4, ya yi ƙaurin suna wajen fizga da maƙalewa idan ya tsufa, kuma gyaransa ba na mai albashin koyarwa ba ne. A wannan gaɓa ya saurari shawara, ya tsaya a kan giyar hannu.

Motar da ta fara shiga ransa ba ita ya saya ba, kuma labarinta ya cancanci a tsaya a kansa. Wata 206 ce ruwan azurfa a wani wurin sayar da motoci, 'yar Beljiyam, cikinta tsaf, an sa mata kuɗin da bai fi abin da yake hannunsa da yawa ba. Wannan arahar ce ta sa na nemi takardar kwastam. Dillalin ya ɗan yi jim, ya shiga ofis, ya fito da kwafi wanda ya sha hannu. Na ɗaga bonet na karanta lambar shasi, mai harufa da lambobi 17 da ta fara da VF3 kamar yadda na Peugeot suke farawa, ƙanena yana bin ta takardar da yatsa. Har zuwa tsakiya sun dace, amma lambobi huɗun ƙarshe kowa da nasa. Da muka nuna masa, bai ko musa ba, sai ya yi murmushi ya ce da ni, "Ranka ya daɗe, in dai a cikin gari malam zai riƙa yawo da ita, wa zai tambaye shi?" Asalin irin wannan mota sananne ne. Tun daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashoshin jiragen ruwa, amma hakan bai hana motocin da aka sauke a Kwatano da sunan za su Nijar su isa Maraɗi, daga can su sulalo ta hanyoyin daji su shigo Katsina ko Jigawa ba tare da an biya musu kuɗin fito ba. Laifin ba ya tsufa kuma ba ya sauka idan mota ta canza hannu. Jami'an kwastam suna iya riƙe ta a kan babbar hanya ko da mai ita na uku ne yake tuƙi. Ƙanena ya yi kwana biyu yana fushi da ni, yana cewa, "Yaya, kai kullum sai ka hango matsala." Shekara guda bayan haka, a watan Maris na 2024, da hukumar kwastam ta ba masu irin waɗannan motoci wa'adin kwana 90 su zo su biya kuɗin fito tare da tarar kashi 25 cikin 100, shi da kansa ya turo mini labarin ta WhatsApp, bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

Wadda ya saya shuɗiya ce, ƙirar 2003, mai lambar Kano, takardunta na kwastam na asali ne, lambar shasi ta dace da ta takarda, kuma mun sa wani wanda ya san aikin fito ya tantance mana ita a ofishin kwastam. A ɓangaren takardu ba mu yi sakaci ba. A ɓangaren inji ne muka yi, kuma kaso mafi girma na laifin nawa ne, tunda ni ne aka ɗauko a matsayin wanda ya san mota. Bakanikena ya yi tafiya a makon, sai dillalin ya ce akwai wani yaro mai gyaran Fijo a nan kusa, muka yarda aka kira shi. Mun iso mun tarar da injin da ɗumi, an riga an tayar da shi kafin zuwanmu, alhali mai sayen tsohuwar mota ya kamata ya ga yadda take tashi da sanyin safiya, ya ga irin hayaƙin da take fitarwa a minti na farko. An kuma wanke injin fes har yana ƙyalli, wanda a mota mai shekara 20 ba alamar tsabta ba ce, alama ce ta cewa akwai yoyon da ba a so a gani. Abu na uku shi ne wanda har yau yake damuna: ana murɗa makulli fanka ta tashi, tun inji bai kama ba. Na yi magana, yaron ya ce, "Oga, dairek aka yi mata saboda zafin Kano, haka ake yi wa duk 206." Na san ba daidai ba ne, amma na ɗauke shi ƙaramin abu da za a gyara daga baya. Mun zaga da ita na minti goma a titi mai kyau, ba mu shiga cunkoso ba, ba mu hau babbar hanya ba, ba mu sa na'urar gwaji ta karanta kwamfutarta ba. Daga baya muka ji cewa yaron yana da nasa kaso a la'adar dillali.

An daidaita a naira miliyan 1 da dubu 180. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi ne da ya biyo bayan sauya fasalin naira, babu wanda yake da tsabar ko dubu 20 a aljihu, don haka tura kuɗin aka yi ta waya; sun fita daga asusunsa tun bayan La'asar, ba su shiga na mai motar ba sai bayan Magariba, muna zaune a kan benci kowa yana kallon wayarsa. Abin da ya rage masa dubu 120 ne. La'ada ta ci dubu 30. Takardar yarjejeniyar ciniki, canza sunan mai mota, sabunta lasisin mota da takardar lafiyarta suka ɗauki nasu. Takardar inshorar da ta zo da motar, da muka duba lambarta a rumbun bayanan kamfanonin inshora ta intanet, babu ita babu dalilinta, ta bogi ce. Dole ya yanki sabuwa a naira dubu 15, farashin da hukumar kula da inshora ta ƙasa ta mayar da ita tun farkon wannan shekarar daga dubu 5. Da ya cika tanki, abin da ya saura bai isa ko canjin baƙin mai da filta ba.

A nan, a ganina, babban kuskuren yake, ya ma fi na gwajin inji girma. Tsohuwar mota sau biyu ake sayenta, sau ɗaya a wurin dillali, sau ɗaya a wurin bakanike, kuma shi ya kashe kuɗin saye biyun a na farko. Da ya nemi ta miliyan 1 ya riƙe dubu 300, ko ya ƙara haƙurin wata uku, da a makon farko an canza tayimin bel, an wanke lagireto, an mayar da fanka yadda kamfani ya tsara ta, an zubar da duk wani mai da ruwa da ke jikinta an zuba sabo. Bai yi ko ɗaya ba, domin babu da me.

Ta yi masa mako shida lafiya lau a cikin gari. Ƙaramar Salla ta kama ranar Juma'a, 21 ga Afrilu, washegari kuma ya ɗauki iyalinsa da ƙanwar matarsa da wata gwaggonmu, ya cika but da kayan tsaraba, suka nufi ƙauyenmu da ke gaba da Gwarzo. Watan Afrilu ne, zafin Kano yana haura digiri 40, motar kuma ba ta taɓa yin doguwar tafiya da kaya a hannunsa ba. Sun wuce Rimin Gado kaɗan allurar zafi ta kai ja, shi kuwa sabon direba idonsa yana kan titi, bai lura ba sai da gwaggo ta ce tana jin ƙauri. Ya kira ni muryarsa tana rawa: "Yaya, hayaƙi take yi ta gaba, amma fari ne." Na ce ya kashe ta, kada ya taɓa murfin ruwa sai ta huce. Ya ce, "Ai na riga na buɗe, na zuba mata fiya wata guda shida masu sanyi." Allah ya kiyaye tururin bai ƙona masa fuska ba, amma ruwan sanyi a kan inji mai tafasa ya ƙarasa abin da zafi ya fara. Da igiya aka jawo ta gida, iyalin kuma suka ƙarasa a motar haya.

Wannan karon wurin wani dattijon bakanike muka kai ta, a kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa, wanda ba ya taɓa kowace mota sai Fijo kuma yana da na'urar gwaji. Ya buɗe murfin baƙin mai ya nuna mana cikinsa, ya yi kauri ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa, alamar ruwa ya daɗe yana haɗuwa da mai. Ya kwance gidan tamosta, babu komai a ciki, an cire. Ya sauke lagireto ya zuba ruwa ta sama, abin da ya fito ta ƙasa jan laka ne, domin shekara da shekaru ruwan rijiya ake zuba mata maimakon ruwan sanyaya inji mai hana tsatsa, har rabin hanyoyin ruwan suka toshe. A ciki ya ga ɓurɓushin garin nan da ake zubawa don toshe yoyo na ɗan lokaci. Ya dubi ƙanena ya ce, "Malam, wannan motar ba yau ta fara tafasa ba. Mai ita ya san abin da ya sayar maka."

Bayanin da ya yi mana ya dace da yadda aka ƙera injin. An tsara shi ya yi aiki a zafin da ya kusa digiri 90, tamosta ce take riƙe ruwa har inji ya kai wannan zafi sannan ta sake shi ya zaga lagireto, kwamfuta kuma ta kunna fanka idan ya wuce kima. Kanikawa da yawa suna cire tamosta su haɗa fanka kai tsaye da makulli, suna cewa an yi ta ne don ƙasashe masu sanyi, amma galibi ana yin haka ne don a ɓoye wata cuta, kamar toshewar lagireto ko gasket da ya fara ƙonewa. A gajeriyar tafiya dabarar tana rufa asiri, har ma injin yakan zauna ƙasa da zafin da ya kamata, kwamfuta ta ɗauka bai gama ɗumama ba ta ci gaba da ƙara masa mai. A doguwar tafiya da kaya kuwa babu fankar da za ta sanyaya ruwan da ba ya samun hanyar wucewa. Kan injin, wanda kanikawa suke kira tof, na alminiyam ne, ya lanƙwashe, sai da aka kai shi aka goge. Da aka buɗe murfin tayimin bel, duk ya tsattsage, kuma a irin wannan inji idan bel ɗin ya tsinke ana tafiya, fistin yana dukan bawul ne ya lanƙwasa su, aikin ya ninka. Gasket, gugar tof, lagireto, tamosta, famfon ruwa, bel, gyaran wayoyin fanka da ladan aiki suka tashi kusan naira dubu 140. Rabi ni na ranta masa. Motar ta yi mako uku a gareji, shi kuma ya koma Adaidaita Sahu yana biyan bashin motar da ba ya hawa.

Ta fito a tsakiyar watan Mayu, littafinsa ya nuna shan manta ya sauka daga kusan lita 10 zuwa lita 8 a kowace kilomita 100 a cikin gari. Bai san darajar lita biyun nan ba sai bayan mako biyu, ranar 29 ga Mayu, da Shugaba Bola Tinubu ya ce a jawabinsa na kama mulki tallafin mai ya ƙare. Litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba, ko da yake gidajen mai da yawa a Arewa suna sayar da ita sama da haka, ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 600 a watan Yuli, sannan a watan Oktoban 2024 ta tsallake 1,000. Yana yin kusan kilomita 800 a wata, wato lita 64. Man da ya yi lissafin zai ci masa dubu goma sha wani abu lokacin da yake shirin saye, ya koma sama da dubu 30, daga baya ya wuce dubu 64, a jihar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira dubu 71 a ƙarshen 2024. Abokan aikinsa biyu masu manyan motoci masu silinda shida suka lulluɓe nasu da tamfol. Tasa ba ta kai ga haka ba, kuma ƙanƙantar injinta ce ta cece ta. Ya daina kunna esi, wanda dama ba wani sanyin kirki yake yi ba. Ya haɗa kai da malamai uku da suke zaune tsakanin Rijiyar Zaki da Kabuga, yana ɗaukarsu da safe suna haɗa masa kuɗin mai a ƙarshen mako. Ranakun da ba shi da darasin safe kuma yakan bar ta a gida. An yi masa tallar mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG, ya je ya ga tukunyar da za a sa, ya auna da but ɗinsa, ya ga idan ta shiga ko buhun shinkafa ba zai samu wuri ba, ya haƙura. Wannan ita ce iyakar guntuwar mota, kuma babu dabarar da za ta ƙara mata tsawo.

Tsadar mai kowa ya gan ta, amma ta kayan gyara a ɓoye ta zo. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da take kusan 460 a hukumance ta haura 700, kuma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Kusan duk abin da ake sa wa 206, sabo ne ko na Beljiyam da aka ciro daga wata motar, daga waje yake zuwa, don haka farashin Ƙofar Ruwa yana bin dala sau da ƙafa. A daminar 2024 ya fara jin ƙara a baya duk lokacin da ya faɗa rami, sannan wani maƙwabcinsa ya ce masa tayoyin baya sun karkata ciki ta sama kamar mai gwame. Wannan sanannen ciwon 206 ne. Ƙafar bayanta aksul ne guda mai hannu biyu, kowane hannu yana juyawa a kan wasu ƙananan boris masu kama da allurai, kuma idan robar da take kare su ta mutu, ruwa da yashi suka shiga, sai su tsatsa su fara cin ƙarfen da suke kai. Layin gidansu ba kwalta, da damina tabki yake zama, ga kuma lodin buhunan masara da yake yi daga ƙauye duk kaka, a motar da aka yi don mutum huɗu ko biyar da jakunkunansu. Dattijon ya ce a sayi aksul ɗin Beljiyam gaba ɗaya. Ƙanena ya ga tsada, ya kai ta wani wuri aka canza boris kawai a kan ƙarfen da ya riga ya ciwu. Wata huɗu aikin ya yi, ya cinye masa gefen tayoyi biyu, sannan ya dawo ya sayi aksul ɗin a farashin da ya fi na farko. A wannan karon ne ya koyi karanta lambobi huɗun da ke jikin taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, ya gano tayoyin Beljiyam ɗin da ake miƙo masa sun haura shekara shida, alhali hukumar kiyaye haɗurra tana ɗaukar taya ta ƙare aiki bayan shekara huɗu. Ya sayi sababbi biyu, ya sa su a gaba.

Sauran matsalolin ƙanana ne. Sandar sigina ta fara kunna fitila da kanta, wani mai gyaran wayarin ya ce zai yanke waya ya sa mata maɓalli a gefe, dattijon ya hana, aka sayi wata sandar aka sa. Salansa ta faɗi sau ɗaya a kan tudun rage gudu, saboda motar ba ta da tsayi daga ƙasa.

Akwai kuma kuɗin da ba ya cikin lissafin kowane mai saye, wanda littafin ya fito da shi fili domin yana rubuta dalilin kowace doguwar tafiya. Daga ranar da mutum ya yi mota a unguwa irin tasu da dangi irin namu, motar ta zama ta jama'a: kai mai naƙuda asibiti da dare, ɗauko baƙi daga tasha, rakiyar amarya, zuwa gaisuwar mutuwa a Bichi ko Wudil. Ba ya iya cewa a'a ga na asibiti, tunda shi ma ƙofar wani ya buga, kuma ban ga laifinsa ba. Amma a wasu watanni kashi ɗaya cikin huɗu na mansa a hidimar mutane ya tafi, kuma da wuya a samu wanda zai ce ga na mai. Abin da ya iya tsayawa a kai shi ne ba ya ba da aron makulli. In tafiyar ta zama dole, shi zai tuƙa.

Da motar ta cika shekara biyu a watan Maris na 2025, ya zauna ya tara abin da ya kashe a gyara, ban da mai da baƙin mai da sabunta takardu, ya samu kusan naira dubu 610, fiye da rabin kuɗin sayenta. Ya raba su gida biyu, ya ga wajen kashi biyu cikin uku na ciwon da ta zo da shi ne, wanda gwaji na gaskiya zai iya nunawa a rage a farashi ko a fasa cinikin. Sauran nasa ne, na lodi da na gyaran araha. A daidai lokacin wani ya taya ta naira miliyan 2 da dubu 300, mutanen gida suka fara cewa ya ci riba ninki. Shi da yake malamin lissafi ne ya mayar da kuɗin biyu dala, na saye a kan kusan 750 da ake canzawa a kasuwar bayan fage a lokacin, na tayi a kan sama da 1,500, ya ga abin da ake ba shi bai ma kai abin da ya biya ba, kuma da kuɗin ba zai samu wata motar da ya san cikinta kamar wannan ba. Bai sayar ba.

Rancen ƙungiya ya ƙare, nawa ma ya biya. Yanzu duk wata yana ware naira dubu 15 a wani asusu daban da ba shi da katin cirar kuɗi, don gyara kawai, kuma abin da ke gabansa shi ne kuloci, wanda ya fara sulɓi idan ya hau gada da mutum huɗu. Dattijon ya ce zai iya kai shi bayan Babbar Salla in ya daina ɗora ƙafa a kai a cikin cunkoso. Matarsa tana koyon giyar hannu ranar Lahadi da yamma a wani filin ƙwallo da ke bayan unguwarsu, wanda hakan ma ba ya ƙara wa kulocin kwana, kuma ya buɗe wa man koyon nata shafi na musamman a littafin.